Dankali Biyar a Ruwan Sanyi

Litinin, 3 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na safe

Yaya Verna ce ta kira, tana rabon girkin Idin Godiya, bikin da dangi ke taruwa cin abinci a ƙarshen Nuwamba, kamar yadda take yi duk shekara. Ita ce yayar mijina marigayi Wendell, a gidanta muke taruwa. Ta ce talotalo nata ne, kek ɗin kabewa nawa, sai ta ce, "Dankali kuma Wendell zai..." Ta tsaya. Ina jin numfashinta a waya. Can ta ce, "To, ke za ki yi ke nan, Ardis."

Na ce mutum nawa ne. Ta ce goma sha uku, sha huɗu in 'yata Renae ta zo. Na ce in ta zo kamar yaya? Ta ce, "Au, ba ta gaya miki ba? Ta ce kar in lissafa da ita tukuna."

A nan na gane. Sati biyar ina gaya wa kaina aikin asibiti ne ya yi wa 'yata yawa, shi ya sa ba ta ɗaga waya. Ashe tana da lokacin kiran gwaggonta. Muryata ce ba ta son ji.

Matar fasto ce ta ba ni wannan littafin, ta ce in riƙa rubutu kamar ina ba baƙo labari. Ban iya rubutu sosai ba, a aji tara na tsaya. Zan gwada.

Talata, 4 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

To ga labarin, in akwai baƙon.

Ranar da aka binne Wendell, a zauren coci ana shan kofi, Renae ta zo kusa da ni kamar za ta karɓi kofina. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Mama, shekara goma sha tara ina jinyar mutane. Me ya sa ba ki kira ni ba?" Ba ta jira amsa ba. Tun ranar ban ji wata magana daga bakinta ba.

Da safen ranar da zuciyarsa ta tsaya na shafa masa man zafi a kafaɗa. Iyakar abin da zan rubuta ke nan.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, ƙarfe 9 na safe

Saura sati uku cif.

Ƙarfe ɗaya muke zama cin abinci a gidan Verna. Renae ba ta taɓa samun wannan zaman ba tun da ta fara aiki a birnin Fargo. Ita take karɓar aikin ranar idi don masu 'ya'ya su huta. Tana tashi ƙarfe uku, ta kamo hanya, ta iso wajen biyar da rabi. Talotalo ba ya damunta, ko da sanyinsa tana ci. Dankalin babanta take zuwa nema, wanda ya murje da man shanu da madara. Kullum tana tarar da shi yana tururi, laushi kamar yanzu aka sauke. A tsaye take ci, daga cikin tukunya, rigar sanyinta ma ba ta cire ba. Shi kuma ya tsaya yana bugun ƙirji, "Awa huɗu da rabi, jama'a! Wa ya iya in ba ni ba?" In an tambaye shi yadda yake yi sai ya kashe ido ɗaya.

Ni ban taɓa ganin yadda yake yi ba. Da an tashi daga tebur nake bin matan coci mu kai abinci gidan tsofaffi, sai kusan isowarta nake dawowa. Shekara arba'in da uku da aure, ban taɓa cewa koya min ba. Me zai sa in ce? Ai yana nan.

Alhamis, ƙarfe 2 na rana

Na tura mata saƙo. Na ce, "Za a ajiye miki dankalinki da zafinsa kamar kullum." Sai da ya tafi na tuna ban san yadda ake yi ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma

Waya ba ta yi ƙara ba.

Asabar, 8 ga Nuwamba, ƙarfe 11 na safe

Amsa ta zo. "Zan gani." Na karanta ya fi sau ashirin. Ba ta ce a'a ba.

Litinin, 10 ga Nuwamba, ƙarfe 3 na yamma

Na yi babban kuskure, kuma ni 'yar manomin dankali ce, ba ni da uzuri.

Buhu huɗu Wendell ya tone da safen ranar da ya rasu, ya jera su a gareji su sha iska. Kafin sanyi ya kama yakan sauke su ɗakin ƙasa. Ni kuwa tun ranar ban shiga garejin ba, a waje nake barin mota. Yau na buɗe ƙofa, wari ya tarbe ni. Sanyin satin jiya ya daskarar da su, sun narke, sun yi baƙi, ruwa na bin siminti.

Na kira Duane, mijin Verna. Ya zo da baro da safar hannu, ya leƙa buhun farko ya ce, "Kai! Da Wendell na nan da yau an raba aure." Sai ya ji abin da ya faɗa, ya cire hula, ya mayar, ya rasa inda zai sa idonsa. Na ce, "Kwashe kawai, Duane, bakinka dama ba shi da birki." Dariyar da na fara yi ke nan tun rasuwarsa, kuma ba ta yi min daɗi ba.

Mun zazzage su muna dubawa ɗaya bayan ɗaya. Na tsakiyar buhu ne kawai suka tsira. Ashirin da uku. Su ne na ƙarshe da hannunsa ya shuka. Na jera su a kan jarida a ɗakin ƙasa. Na teburin idi zan saya a kanti, waɗannan na Renae ne.

Laraba, 12 ga Nuwamba, ƙarfe 5 da rabi na yamma

Na sayo na kanti don gwaji. Na dafa, na murje, ƙarfe ɗaya daidai na rufe shi na sa a tanda da ƙaramar wuta. Yanzu na buɗe. Sama ya yi ɓawo, gefe ya bushe kamar bangon da ya tsage. In ta zo ta tarar da wannan, me za ta ce a ranta? Ko wannan ma Mama ba ta iya ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba, ƙarfe 5 da rabi na yamma

Yau na gwada tukunyar lantarki. Ƙasa ya yi ƙanzo, sama ya tara ruwa.

Asabar, 15 ga Nuwamba, ƙarfe 8 na safe

Na bincika aljihunan rigunansa ko ya rubuta a wani wuri, don shi mutum ne mai rubuta komai. Na sami ɗan littafinsa. Yawan ruwan sama na kowane wata, ranar da ƙwaro ya faɗa wa dankali, ranar da aka canza man tarakta. Babu ko kalma ɗaya a kan abin da nake nema. A aljihun rigar sanyinsa akwai alewa biyu da ƙusa. Na zauna a bakin gado da rigar har kofina ya huce.

Lahadi, 16 ga Nuwamba, ƙarfe 1 na rana

Huɗu daga cikin nasa sun yi laushi. Saura sha tara. Waya ba ta yi ƙara ba.

Talata, 18 ga Nuwamba, ƙarfe 6 na yamma

Wata a coci ta ce in ɗora kwanon a kan tukunyar ruwan zafi, in sa tawul ƙarƙashin murfi ya tsotse tururi. Na yi. Na zauna gefen murhu awa huɗu da rabi ina ƙara ruwa da buta. Har awa biyu lafiya lau, na soma murna. Daga nan ya fara danƙo, launinsa ya dushe.

Duane ya biyo ɗaukar baronsa, na ba shi ya ɗanɗana. Ya juya cokali, dankalin ya ƙi faɗowa. Ya ce, "Ardis, zuba min a leda, akwai tayar tarakta da nake son liƙewa."

Na ce, "Ba haka na Wendell yake ba ko?"

Ya ce, "Ni me na sani? Ina gaban talabijin ina kallon ƙwallo. Tambayi shugaba, kicin ɗinta ne." Verna yake nufi. Ba zan tambaye ta ba. Shekara arba'in da uku tana jiran in nuna ban iya wani abu ba.

Alhamis, 20 ga Nuwamba, ƙarfe 7 na safe

Dusar ƙanƙara ta sauka. Ban kwashe ta ƙofar gida ba. In ta yi yawa ranar idi, hanyar Fargo ba ta biyuwa, kuma ba zan taɓa sanin ko ƙanƙara ce ta hana ta ko ni ce ba.

Juma'a, 21 ga Nuwamba, ƙarfe 5 da rabi na yamma

Na ƙara man shanu, na ƙara madara, na naɗe tukunyar da bargo biyu. Ɗumi-ɗumi, ba zafi ba. Na zubar. Cikina ba ya karɓar dankali yanzu, ko ƙanshinsa.

Saura sha biyu a ɗakin ƙasa.

Lahadi, 23 ga Nuwamba, ƙarfe 4 na yamma

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Bayan coci na bi Verna gida in taya ta goge cokula. Ta dube ni ta ce, "Kin rame. Duane ya ce kin buɗe masana'antar gam a gidanki." Na ce Duane ya iya bakinsa. Ina goge cokali sai hawaye, ba shiri. Na ce, "Yaya, na yi wa yarinyar alkawari. Sau huɗu ina gwadawa. Ban san yadda yake ajiye shi da zafi ba."

Ta tashi ta rufe ƙofar kicin, ta dawo ta tsaya a kaina, hannu a ƙugu.

"Ke dai Ardis, Allah ya yi ki da gaskata mutum. Wa ya ce miki yana ajiye shi?"

Na ce to me yake yi?

"Sabo yake dafawa, sakarya! Tun da safe yake fere guda biyar ya ɓoye a kwanon ruwan sanyi, can cikin firij ɗina, bayan tulun madara. In Renae ta iso gidan man mararraba tana kiransa ta ce Baba na kusa. Daga can zuwa nan minti ashirin da biyar ne. Yana ajiye waya yake ɗora tukunya. Kafin ki dawo daga gidan tsofaffi ya zubar da ruwan, ya wanke kwanon, ya tsaya yana cika baki."

Na ce, "Shekara goma sha tara?"

"Sha tara. Ya sa na rantse. Ƙanena ne, amma maƙaryaci ne na gani na faɗa." Sai ita ma ta zauna, ta ja gefen rigar girkinta ta rufe fuska. Ban taɓa ganin Verna tana kuka ba, ko ranar binnewa ba ta yi ba. Na riƙe hannunta. Ta ce, "Sake ni, kin bar tabo a cokalin nan."

Na ce Renae ta sani? Ta ce ina fa. Ita a zatonta tana kira ne don ya san ta iso lafiya.

Litinin, 24 ga Nuwamba, ƙarfe 9 na safe

Jiya na ji sauƙi. Yau na tashi da wani nauyin. Dabarar ba ta aiki sai ta kira. Babanta take kira, ba ni ba.

Talata, 25 ga Nuwamba, ƙarfe 2 na rana

Na rubuta, "In kin iso gidan man mararraba ki kira ni." Na goge. Da wane baki zan ce mata ki kira ni? Na sake rubutawa, na sake gogewa. Na yi kek ɗin kabewa biyu, ɗaya ya tsage a tsakiya.

Laraba, 26 ga Nuwamba, ƙarfe 10 na safe

Na tura. Na ƙara da "don Allah."

Tara suka rage masu kyau. Na zaɓi biyar mafi ƙarfi.

Laraba, ƙarfe 6 na yamma

Ta karanta, waya ta nuna. Ba amsa.

Alhamis, 27 ga Nuwamba, ƙarfe 7 na safe

Gari ya waye garau, an share hanyoyi. To, ba ƙanƙarar da zan ɗora wa laifi. Na fere biyar ɗin a hankali kar in yi asarar nama, na sa su a kwanon ruwan sanyi.

Alhamis, ƙarfe 3 na yamma, kicin ɗin Verna

An ci an tashi. Na kantin da na yi wa tebur ya ƙare ƙarƙaf, Duane ya ce ba laifi, wannan ba ya liƙe taya. Da aka zo addu'a aka ce kowa ya faɗi abin da yake godiya a kai, na ce ku wuce ni. Ban bi mata gidan tsofaffi ba. Ina zaune, waya a kan cinyata, tukunya da ruwa da gishiri a kan murhu, ban kunna ba. Yanzu take tashi daga aiki, in ta je.

Alhamis, ƙarfe 5 saura kwata

Verna ta ce in ɗora kawai. Na ce in na ɗora ta zo ƙarfe bakwai fa? Waɗannan ba su da na biyu. Ta ce, "In kuma ba ta zo ba?" Na ce fita min daga kicin. Ta ce, "Kicin ɗin wa?" Amma ta fita.

Alhamis, ƙarfe 5 da minti 20

Da ta taho, da yanzu ta wuce mararraba. Waya ba ta yi ƙara ba.

Juma'a, 28 ga Nuwamba, ƙarfe 9 na safe

Ta zo.

Shida saura kwata fitilar mota ta haska tagar kicin. Ban ma tashi ba, na ɗauka wani ne ke fita. Sai ƙofar baya ta buɗe, ga ta da rigar sanyi a kan kayan aikinta, ta rame, idanunta sun faɗa. Ta ce, "Sannu, Mama." Na ce, "Sannu da hanya." Ta dubi murhu, ba wuta. Ta dubi tebur, ga kwano da ɗanyen dankali biyar cikin ruwa.

Ta ce, "Kin ce da zafinsa." Ba da faɗa ba. A gajiye ta faɗa.

Ni kuma bakina ya riga hankalina. Na ce, "Ai ba ki kira ba."

Da ƙasa za ta buɗe da na shige. Ta dube ni, fuskarta ta canza, hannunta ya koma kan mariƙin ƙofa. Na ce shi ke nan, za ta juya.

Sai ga Verna ta faɗo, ashe tana laɓe a bayan ƙofar falo. Ta ce, "Ke, rufe min ƙofa, ɗumin gidan nan ba na titi ba ne. Zauna ki ji irin uban da Allah ya ba ki." Ta zayyana mata komai, kwanon, tulun madara, minti ashirin da biyar. Ta ce, "Uwarki kuwa sati biyu tana dafa gam don ta cika miki alkawari. Tambayi Duane, saura kaɗan ya rasa haƙori."

Renae ta ce, "Awa huɗu da rabi, jama'a." Da muryarsa ta faɗa, har da yadda yake jan ƙarshen. Ta fara dariya, ta jingina da firij, dariyar ta zarce ta zama wani abu, ta sulale ta zauna a ƙasa. Verna ta kunna murhu da kanta, ta zuba dankalin, ta fita ta ja mana ƙofa.

Na zauna a ƙasa kusa da ita, da gwiwoyin nan nawa. Ta ce, "Na tsaya a gidan man, Mama. Kwata guda ina zaune a mota. Lambarsa ce ta farko a wayata. Na kasa danna tasa, na kasa danna taki." Na ce na sani. Ban sani ba, amma abin da ya zo bakina ke nan.

Dankali ba ya sauri don ana jiransa. Muna zaune muna sauraren tukunya. Ta ba ni labarin wani tsoho a sashensu da ya ɓoye ƙafar talotalo a ƙarƙashin matashi. Na gaya mata abin da na yi wa buhunan babanta. Ta ce, "Buhu huɗu?" Na ce huɗu. Ta ce, "Haba Mama." Iyakar abin da ta ce ke nan, kuma kafaɗarta na jikin tawa.

Ita ta murje shi. Ta ɗumama madarar tukuna, kamar yadda yake yi. Ta ci a tsaye daga tukunya. Ta ce ya ɗan yi zaƙi, na ce sanyin da ya taɓa shi ne. Ta miƙo min cokalin, na ci.

Sai ta ce, ba ta dube ni ba, "Mama, da safen ranar, Baba ya ce wani abu?"

Na ce, "Ci, kar ya huce."

Ta ci. Ba ta sake tambaya ba. Ta biyo ni gida ta kwana a ɗakinta na dā, takalmanta na nan a bakin ƙofa sun jiƙa min tabarma.

Wendell ya ce wani abu da safen ranar. Yana zaune a kujerar kicin ɗin nan yana murza kafaɗa, ya ce, "Ardis, kira Renae ki tambaye ta." Na ce yarinya ta kwana aiki, a bar ta ta yi barci zuwa tsakar rana. Na ɗauko man zafi.

Ƙarfe goma sha biyu za ta koma Fargo. Tana sama tana barci. Ban tashe ta ba, ban kuma gaya mata ba tukuna.